Abin da Ke Cikin Kwano: Amanar Mai Tuya da Mai Gashi

(Laccar da aka gabatar ga mata masu sana'ar kayan maƙulashe a Unguwar Rogo, cikin birnin Sakkwato)



  Na san a cikinku akwai wadda ta baro ƙullu yana tashi, akwai wadda ta baro 'yarta a bakin kasko, don haka ba zan tsaya dogon sharar fage ba.

An ce in yi magana kan kayan ƙwalam da maƙulashe da muke yi a gida, na ci da na sayarwa, da kuma yadda za a yi wa wanda jikinsa ba ya karɓar wani abu daga cikin kayan haɗin. Mata da yawa sun ɗauka wannan ta biyun maganar Turawa ce, ko ta 'ya'yan masu kuɗi da aka shagwaɓa. Ina so kafin mu tashi kowace ta yarda cewa magana ce ta cikin gidajenmu. Rabin maganinta yana madafinmu tun zamanin kakanni. Ɗaya rabin kuwa yana bakinmu: mu san abin da muka zuba a kwano, mu kuma faɗa wa mai ci.

Mu fara da abin da ke hannu. Idan aka sauke garar amarya a garin nan, me ake gani? Alkaki, dublan, cincin, nakiya. Da safe a bakin layi akwai masa da ƙosai. A farantin 'yan talla akwai dakuwa, kantu, ƙuli-ƙuli, kwakumeti, tuwon madara, gullisuwa, iloka da awara. Ga hoce, ga sinasir, ga gumba. A 'yan shekarun nan kuma kek da donat da mitfai da samosa sun shigo, har ta kai yarinya ta ɗauki hoto ta sa a WhatsApp, kafin la'asar an saye tas. Duk wannan dukiya ce. Da ita mace take sayen sabulu da littafin makarantar yara ba tare da ta bar ɗakinta ba, kuma ban raina ko ɗaya a ciki ba.

To amma ku sake duban jerin da idon mai haɗawa. Alkaki, dublan, cincin, funkaso da duk baƙin nan da suka shigo, alkama ce ko fulawa. Masa, sinasir da nakiya shinkafa ce. Hoce dawa ne, gumba gero, ƙosai wake. Ƙuli-ƙuli gyaɗa, kantu riɗi, awara waken suya. Tuwon madara da gullisuwa da iloka kuwa madara ce. Iyayenmu ba su taɓa jingina da abu ɗaya ba, saboda haka duk abin da jikin yaro ya ƙi, akwai wani a gefe da zai ci ya ji daɗi. Mu ne yanzu muke neman mayar da komai fulawa, ƙwai, bota da madarar gari.

Alkama tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Ana nomanta da rani a fadamu cikin sanyin hunturu, amma ba ta da yawa, shi ya sa alkaki da funkaso suka zama abincin biki da na manyan baƙi. Fulawar kamfani ce ta sauya lissafi, musamman daga shekarun 1970 da kuɗin man fetur suka shigo, burodi ya zama karin kumallon kowa. Gwamnati ta so a riƙa noma alkamar a gida, kuma wannan yana cikin burin da aka ɗora wa madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka gina a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara aka kammala a 1978. Abin bai kai inda aka yi fata ba. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, bayan 'yan shekaru kuma aka janye hanin. Har gobe mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Najeriya ta jirgin ruwa take zuwa. Shi ya sa duk ranar da dala ta tashi, ko yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren kamar yadda ya faru a 2022, ke da kike zaune a Unguwar Rogo sai ki ji mudun fulawa ya ƙara kuɗi. Macen da ta iya sarrafa shinkafar Wurno ko ta Argungu, da gero da dawa da aya, ta samu sauƙi ta fuskar aljihu tun kafin a zo maganar lafiya.

Yanzu ga maganar lafiyar. Idan uwa ta ce, "Ɗana ba ya shiri da abu kaza," abu uku take iya nufi, kuma kowane da hanyarsa.

Na farko shi ne borin jini, wanda likitoci ke kira alaji. Allah ya halicci jikinmu da garkuwa mai yaƙar ƙwayoyin cuta. A jikin wasu, garkuwar nan takan yi kuskure irin na maigadin da ya ga ɗan gida cikin duhu ya ɗauka ɓarawo ne, ya rufe shi da duka. Abincin ba shi da aibi, jikin ne ya ɗauke shi abokin gaba. Daga 'yan mintoci zuwa kamar awa biyu bayan ci, sai fata ta yi ruɗu-ruɗu tana ƙaiƙayi, leɓe ko ido ya kumbura, amai ya zo. Idan ya yi tsanani murya ta dushe, maƙogwaro ya toshe, numfashi ya riƙa fita da ƙyar, jiri ya kwashe mutum ya faɗi. Wannan mai tsananin yana kisa, kuma ba ya buƙatar cin kwano guda. Ɗan ɓurɓushin da ya maƙale a ludayi ya ishe shi. Abubuwan da suka fi jawo shi a duniya sanannu ne: madara, ƙwai, gyaɗa, riɗi, waken suya, alkama, kifi, jatan lande da ƙaguwa, da ƙwayoyi irin su na yazawa. Ku lura, kusan dukkansu suna kan farantinmu. Kuma tuya ko gashi ba sa kashe abin da ke tayar da borin gyaɗa ko na riɗi. Yara da yawa sukan rabu da na madara da na ƙwai idan sun tasa, amma na gyaɗa da na riɗi sun fi zama tare da mutum har girma.

Na biyu shi ne gazawar ciki wajen narkar da sukarin da ke cikin madara. Wannan ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma a ƙasar nan aka yi ɗaya daga cikin binciken da ya bayyana shi ga duniya. A 1971 wasu likitoci, cikinsu har da Olikoye Ransome-Kuti wanda daga baya ya zama ministan lafiya, da wani Ba'amurke Norman Kretchmer, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa ƙabilun Najeriya. Sun tarar yawancin Fulani makiyaya suna narkar da ɗanyar madara har girmansu, yawancin Yarbawa kuwa ba sa iyawa da zarar sun wuce yaye, mutanen biranenmu na Arewa ma da yawansu haka suke. Mai wannan matsala idan ya ci tuwon madara da yawa sai ciki ya kumbura, ya yi ta ƙugi, wani lokaci har da gudawa. Yana wahalarwa, amma ba ya toshe numfashi. Irin wannan mutum sau da yawa yana shan fura da nono lafiya lau, domin tsamin da nono ya yi ya riga ya cinye wani kaso na sukarin. A nan ne nake roƙon ku ku bambance. Yaron da ke da borin jinin madara, nono da kindirmo da cuku da man shanu duk haɗari ne gare shi, kuma galibi nonon akuya ma haka. Kada wata ta ce, "Ai wance ma ba ta shan madara amma tana shan nono," ta ɗura wa yaro.

Na uku ita ce cutar da ake kira siliyak. A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari mai danƙo, gulutin, shi ne yake sa kwaɓin fulawa ya miƙe ya riƙe iska. A jikin mai wannan cuta, gulutin yana lalata bangon ƙaramin hanji sannu a hankali, har abinci ya daina shiga jiki. Za ki ga yaro yana ci amma ba ya girma, ciki a kumbure, gudawa ba ta yankewa, jini ya yi ƙaranci. Wani likitan yara a ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da alaƙarta da alkama. Ya lura cewa lokacin yunwar ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, da burodi ya ɓace, yaran da ke fama da ita sun samu sauƙi, da burodi ya dawo kuma ciwon ya dawo. An daɗe ana zaton ciwon Turawa ne kaɗai, sai a 1999 aka gwada yaran Yammacin Sahara da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya, aka samu sama da biyar cikin ɗari suna da ita, adadin da ya ninka na Turai sau da yawa. Mutanen hamada ne, Musulmi, waɗanda fulawa ta zama babban abincinsu. Gero, dawa, shinkafa, masara, acca, rogo da wake duk ba su da gulutin. Sai dai wadda take zargin ɗanta yana da ita ta kai shi asibiti a gwada jininsa tun yana cin alkamar, don idan an riga an daina ba shi, gwajin ba zai nuna gaskiya ba.

Iyayena, akwai abin da ya fi damuna a cikin wannan magana, kuma shi ne ya sa na amsa kiran nan. Ranar Salla yara suna yawo da kwanuka gida-gida, haka ranar suna, haka lokacin buɗa-baki. Yaro ya ci dakuwa ko kantu daga ɗakin abokiyar zaman uwarsa, ko daga gidan maƙwabta, kafin a ankara fuskarsa ta kumbura, yana shaƙewa. Me ake cewa? An ba shi wani abu. An yi masa sammu. Wance mayya ce. Kowace a nan ta san irin wannan zance, ta kuma san yadda yake raba zumuncin shekara da shekaru, ya bar baiwar Allah da tabon da ba ta ji ba ba ta gani ba. Alhali ita abin da ta yi kawai kyauta ce, kuma sauran yaran da suka ci tare da shi ba abin da ya same su. Abincin wani gubar wani. Banda zaluncin zargi, akwai asara ta biyu: yayin da ake neman wanda ya yi, ana turare, ana ɗura wa yaro manja ko madara wai don ya amayar, lokacin ceton ransa yana wucewa. Ba wanda ya hana addu'a, mu masu addu'a ne. A yi ta a kan hanyar asibiti. Mu mutanen garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ne, shi kuwa malami ne da ya zauna ya wallafa littattafai kan magani da cututtukan jiki. Neman sanin dalilin ciwo gadonmu ne.

A Ingila, a 2016, wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Natasha ta sayi burodi mai haɗi a filin jirgin saman Landan. Tana da borin riɗi, ta duba takardar jikin ledar ba ta ga an ambaci riɗi ba, ashe an cuɗa shi cikin kwaɓin. Abin ya tashi mata a cikin jirgi, ta rasu a ranar. Iyayenta suka tsaya tsayin daka har aka yi dokar da ake kira da sunanta, wadda ta fara aiki a watan Oktoban 2021: duk wanda ya naɗe abinci a shagonsa don sayarwa, dole ya rubuta duk abin da ke ciki. Amurka ma ta ƙara riɗi cikin jerin abubuwan da tilas a bayyana daga farkon 2023. Mu ba sai mun jira doka ba. Sananne ne a hadisi cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, ya tuhume shi kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma kira abin algus. Idan ɓoye danshi algus ne, ina ga ɓoye abin da zai iya toshe maƙogwaron ɗan mutane?

Na san ba da gangan ake ɓoyewa ba. Sau da yawa mai yin ma ba ta san ya shiga ba, saboda haka bari in bi da ku wuraren da abin yake laɓewa.

Mai masa takan zuba 'yar fulawa a ƙullun shinkafa don ya yi auki ya kama jikinsa. Mai ɗan wake ma haka. Wata takan fasa ƙwai a ƙullun ƙosai. Dakuwa wani lokaci aya ce da gero, wani lokaci da gyaɗa a ciki. Yajin da ake barbaɗa wa masa ko tsire yana da garin ƙuli-ƙuli, kilishi kuwa da tunkuza ake shafe shi. Daddawa akwai ta kalwa akwai ta waken suya. Wasu dunƙulen ɗanɗano na kamfani suna ɗauke da waken suya ko alkama, sai an karanta jikin kwalin. Sai mai. Man gyaɗar da matan unguwa ke matsewa, mai ƙamshin nan da muke so, yana ɗauke da ragowar gyaɗar a cikinsa, don haka ba na mai borin gyaɗa ba ne. Na galan kuma, duk da mun saba ce masa man gyaɗa, wani na kwakwar manja ne da aka tace, wani na waken suya. Jikin galan ne zai gaya miki. Kuma man da aka soya kifi ko awara a cikinsa ya riga ya ɗauka, ko an tace shi da rariya.

Babbar maɓoya ita ce injin niƙa. Inji ɗaya ne a layi, shi ke markaɗa gyaɗar mai ƙuli, shi ke markaɗa waken mai awara, ya niƙa alkamar mai alkaki, sannan ki kawo shinkafarki. Abin da ya fito shinkafa ce da ɗan kowa a ciki. Ga yawancin mutane ba komai. Ga mai matsalar da ba ta yi tsanani ba, a je da sassafe, a roƙi mai inji ya wanke, a fara zuba ɗan kaɗan a ware na farkon da ya fito. Amma ga yaron da ya taɓa shaƙewa, gaskiya ita ce wankin injin layi bai isa ba. Sai turmi da taɓarya na musamman, ko ƙaramin injin gida da ba a taɓa sa masa komai ba sai hatsin da aka yarda da shi. Ina ba da shawara, kuma da gaske nake: mata biyar ko goma su yi adashi su sayi ƙaramin inji ɗaya, su yi alkawari tsakaninsu da Allah cewa shinkafa da gero da dawa kaɗai zai riƙa niƙawa. Haka rariya, muciya, ludayi da kasko, a ware su, a ɗaura masu zare mai launi don kada a cakuɗa. A fara yin na mai lalura tun hannu da wuri suna da tsabta, a rufe shi, sannan a shiga sauran aiki. Wadda ta ɗauki wannan wahala tana da haƙƙin ta ƙara kuɗi a kan kayanta, halal ɗinta ne, kuma uwar da ta daɗe tana hana ɗanta abin da sauran yara ke ci za ta biya da farin ciki.

To me za a yi masu? Nakiya tana kan gaba: shinkafa ce da citta da kanumfari da masoro, da suga ko zuma, ba alkama ba ƙwai, ga ta da jure ajiya. Abin dubawa a cikinta shi ne man da aka sa. In mai ci yana da borin madara a bar man shanu, in na gyaɗa ne a bar man gyaɗa. Masa ta asali ba ta buƙatar fulawa. Ki jiƙa farar shinkafa gwangwani huɗu, ki dafa wani rabin gwangwani ya yi laushi, ki haɗa ki markaɗa, ki sa yis ki bari ya tashi; dafaffiyar nan ita ke ba ta laushin da ake nema da fulawa. Ƙosai kuwa bugu yake so, in ya bugu zai tashi ba da ƙwai ba. Kwakumeti kwakwa ce da suga. Gumba, hoce, sinasir, duk suna nan suna jira.

Aya kuma Allah ya hore mana ita. Ba dangin gyaɗa ba ce, saiwar wata ciyawa ce, shi ya sa yawancin masu borin gyaɗa ko madara suke iya cinta. Maƙwabtanmu na jihar Maraɗi suna nomanta da yawa, har ana fitar da ita zuwa Sifaniya, inda mutanen Balansiya ke yin wani farin abin sha da ita mai kama da kunun ayarmu. Idan kika jiƙa ta kika markaɗa kika tace, ruwan nan fari yana tsaya wa madara a kwaɓi.

Na san tambayar da ke zuciyar 'yan mata: kek fa? Yaro ya ga ana yanka kek a walima, shi an ce kada ya taɓa. Ga wanda nake yi, babu fulawa, babu ƙwai, babu madara, babu gyaɗa. Garin shinkafa mai laushi sosai, wanda aka tankaɗe sau biyu, gwangwanin madara biyu. Sitacin rogo na ci ko garin sitacin masara rabin gwangwani, don shi zai riƙe kwaɓin a madadin danƙon alkama. Na ci nake nufi, ba na guga ba. Ayaba uku da suka nuna lugub, a dame su, su ne a gurbin ƙwai. Suga rabin gwangwani, man da kika tabbatar da asalinsa kusan rabin gwangwani, ruwan aya gwangwani ɗaya, hodar kek ƙaramin cokali biyu, ɗan gishiri. Ki haɗa komai ban da hodar, ki rufe ki bar shi kamar minti 20 garin ya sha ruwa, in ba haka ba za a ji shi yana gasa-gasa a baki. Sannan ki sa hodar ki juya. Kada ki zuba a babban faranti, domin kek ɗin da ba alkama yana saurin karyewa. Ƙananan gwangwanaye sun fi. Wadda ba ta da oba ta zuba yashi mai tsabta a gindin tukunya, ta bari ya yi zafi, ta jera gwangwanayen, ta rufe, ta ɗora ɗan garwashi a kan murfin. Bayan kamar minti 25 ki soka tsinke, in ya fito a bushe ya yi. Ki bari ya huce sarai kafin ki cire. Ba zai tashi kamar na fulawa ba, kuma bai kamata ki yi wa mai saye alkawarin haka ba, amma yana da laushi da ƙamshi, yaro kuma zai riƙe nasa a hannu cikin 'yan uwansa.

Ku tuna da zafin garinmu. Daga Maris zuwa Mayu yakan wuce digiri 40, ga wuta ba ta tsayawa. Ruwan aya da duk abin da aka yi da shi ko da ayaba na yini ɗaya ne, kada a kwana da shi a sayar gobe. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci kuma a zubar, kada a ce ai ƙuli za a yi. Fumfunar tana haifar da wata guba mai lalata hanta wadda wuta ba ta kashewa. An gano ta ne bayan da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa masu da irin wannan gyaɗa. Sinadarin buromet na kumbura burodi kuwa hukumar NAFDAC ta haramta shi tun zamanin Dora Akunyili, ko an tallata miki kada ki karɓa. Zuma kuma, duk albarkarta, ba a ba jaririn da bai cika shekara ba.

Kada kuma wata ta tashi daga nan ta je ta hana 'ya'yanta gyaɗa da ƙwai don tsoro. Wannan zai zama ɓarna mafi girma. A jiharmu tamowa ta fi borin jini cin yara nesa ba kusa ba, kuma abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa a asibiti, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, gyaɗa ce da madara da suga da mai. Ya ceci rayuka ba iyaka. Bugu da ƙari, wani babban bincike da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan, aka wallafa a 2015, ya bi jarirai 640 masu haɗarin kamuwa da borin gyaɗa. Waɗanda aka fara ba gyaɗa tun suna jarirai, kamuwarsu ta ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda aka hana. Wato kunun gyaɗar da iyayenmu ke ba yaro bayan wata shida na nonon uwa zalla yana kan hanya. A dama shi da laushi, kada a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa don tana sarƙewa. Jaririn da ke da ƙurajen fata masu tsanani ko ya taɓa yin bori da wani abinci, shi a fara ganin likita. Abincin da za a cire wa yaro, likita ne zai ce a cire, bayan uwa ta lura ta gaya masa me aka ci, ƙarfe nawa, me ya biyo baya.

In kuwa abin ya faru a gabanki, ga yadda za ki yi. Ƙaiƙayi da ruɗu-ruɗun fata kaɗai, maganin ƙaiƙayi irin su firiton yana taimakawa, amma a zuba ido. Da zarar kin ji murya ta canja, ko numfashi yana ƙara, ko harshe ya kumbura, ko yaro ya yi laushi yana neman suma, firiton ba zai yi komai ba. Abin da ke ceto allura ce da ake kira adiranalin, a cinya ake yin ta, kuma a asibiti take. Kada a ɗura masa komai. Kada a sa shi ya tashi ya taka. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in kuma numfashi ne ya fi tsananta a bar shi a zaune a jingine. A tari keke ko mota nan take zuwa asibiti mafi kusa, ko Asibitin Ƙwararru, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a tafi da ragowar abin da ya ci. Ko ya farfaɗo kada a yi gaggawar komawa gida, domin wani lokaci abin yakan sake tasowa bayan 'yan awanni.

Saura maganar rubutu. Kowace leda ko roba da za ta fita daga hannunki, ki liƙa mata 'yar takarda: akwai fulawa, akwai ƙwai, akwai gyaɗa, da man kaza aka soya. Da boko ko da ajami, duk wanda hannunki ya fi sabawa da shi. Mai tallata kaya a waya ta rubuta a ƙarƙashin hoton. Yarinyar da ke ɗaukar faranti kuma a zaunar da ita a koya mata abin da ke cikin kowane, a kuma gaya mata cewa in an tambaye ta abin da ba ta tabbatar ba, ta ce bari ta tambayo Inna, kada ta ce babu don kar ciniki ya wuce. Ku iyayen yara masu lalura, ku ma ku daina jin kunyar faɗa. Ku gaya wa maƙwabta, ku gaya wa malamar islamiyya da mai sayar da abin tara a makaranta. Nana Asma'u ta aika jajis ɗinta, wato matan da ta horar, ƙauye-ƙauye suna koyar da mata 'yan uwansu. Kowace a cikinku ta ɗauki abin da ta ji yau ta kai wa matan gidansu da ba su samu zuwa ba.

Bayan sallar la'asar za mu hura gawayi a tsakar gidan nan mu gasa kek ɗin shinkafa tare, wadda take son gani ta tsaya. Kafin nan, duk mai tambaya ta ɗaga hannu.